Kurakuran da Baƙo Ya Fi Yi a Gidajen Cin Abincin Gargajiya na Tibilisi

Jojiyar da ake magana a kanta a nan ita ce ƙasar da ke gindin tsaunukan Kokasas, wadda ta yi iyaka da Rasha daga arewa, da Turkiyya da Armeniya da Azarbaijan daga kudu da kudu maso gabas, kuma babu abin da ya haɗa ta da jihar Jojiya ta Amurka sai suna. Babban birninta Tibilisi yana kwance a gaɓar kogin Mtkvari, kuma a 'yan shekarun nan ɗalibai 'yan Najeriya, musamman masu karatun likitanci, sun zama sanannun fuskoki a titunansa. Idan aka lura da yadda baƙi irin namu suke mu'amala da abincin ƙasar, za a ga sun kasu gida biyu. Akwai wanda tsoron haram ya sa ya tare a shagunan Turkawa da Larabawa da ke titin Aghmashenebeli har ya gama karatunsa bai ɗanɗani girkin ƙasar ba, akwai kuma wanda ya shiga gidan abinci ido rufe, ya nuna hoton da ya ba shi sha'awa, sai daga baya ya ji abin da ya ci. Dukansu biyu sun yi asara, alhali 'yan tambayoyi kaɗan da sanin wasu sunaye sun isa su raba mutum da ita.

Yarda da kalmar "nama" ba tare da bincike ba

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne nauyi, saboda haka ya cancanci a daɗe a kansa. Ƙidayar jama'a ta 2014 ta nuna cewa kusan kashi 83 cikin ɗari na mutanen Jojiya Kiristoci ne mabiya cocin Otodoks, Musulmi kuma sun kusa kashi 11, kuma naman alade abinci ne na yau da kullum a yawancin gidaje. Matsalar ita ce takardar jerin abinci ba kullum take fayyace irin naman ba, domin ɗan ƙasa ya riga ya san abin da ke cikin kowane girki, ba ya buƙatar a rubuta masa.

Babban misali shi ne khinkali, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama a dafa a ruwan zafi. Asalinsa daga ƙauyukan kan duwatsu ne, irin su Pshavi da Khevsureti da Mtiuleti, inda aka fi yin sa da naman tunkiya ko na sa. Amma wanda aka fi sayarwa a birni, mai suna kalakuri, galibi gaurayen naman sa da na alade ne, domin kitsen alade shi ke ba shi yawan romo. Mutumin da ya tambaya ko akwai naman sa a ciki za a ce masa e, kuma ba a yi masa ƙarya ba, sai dai rabin gaskiyar aka faɗa masa. Tambayar da ta dace ita ce ko akwai naman alade a ciki, ko da kaɗan ne. Haka abin yake ga mtsvadi, gasasshen naman da ake tsirewa a ƙarfe, wanda idan ba a ambaci irinsa ba, musamman a salon yankin Kakheti, to na alade ne. Ojakhuri, soyayyen nama da dankalin turawa da albasa da ake kawowa a kaskon ƙasa, shi ma asalinsa da alade ake yi, haka nan kupati, wato niƙaƙƙen naman da ake cusawa a hanji. Kubdari, burodin yankin Svaneti mai nama a ciki, yakan zo da naman sa, ko na alade, ko gaurayensu, gwargwadon gidan da aka shiga.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne wake. Lobio, dafaffen jan wake a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, da lobiani, burodi mai cike da wake, suna kama da abincin da babu nama a cikinsa, kuma sau da yawa hakan ne. Amma a salon yankin Racha ana dafa waken da ƙyafaffen naman alade, wanda suke kira lori, don ya ba shi ƙamshin hayaƙi. Duk inda aka ga an rubuta rachuli a jikin sunan girkin wake, to a tsaya a tambaya.

Gyaran wannan kuskure ba shi da wahala. A haddace cewa ghoris khortsi shi ne naman alade, kuma a rubutunsu kalmar farko tana fitowa kamar haka: ღორის. Naman sa shi ne sakonlis khortsi, na maraƙi khbos khortsi, kaza katami, ɗan tunkiya batkani, kifi kuma tevzi. Idan aka ce wa mai kawo abinci ghoris khortsis gareshe, an ce masa ba tare da naman alade ba ke nan. Matasan ma'aikata a tsakiyar birni sukan ji Turanci, dattawa kuma sun fi jin Rashanci, amma faɗin maganar da yarensu yana toshe ƙofar rashin fahimta.

Sai dai kauce wa alade bai warware batun yanka ba. Wanda ba ya cin nama sai ya tabbatar da yankan Musulmi yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce neman gidajen da suka rubuta halal a ƙofarsu, waɗanda ake samu a kewayen titin Aghmashenebeli da kuma tsohon gari kusa da masallacin Juma'a na unguwar Abanotubani, masallacin da aka san shi da cewa 'yan Sunna da 'yan Shi'a suna salla a cikinsa tare, kuma wasu daga cikin gidajen nan suna yin khinkali da naman sa ko na tunkiya zalla. Ta biyu, wadda baƙi da yawa ba su sani ba, ita ce neman shafin samarkhvo a takardar abinci. Mabiya Otodoks masu riƙo da addini suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a, da kuma makonnin azuminsu kafin Ista da kafin Kirsimeti, saboda haka gidajen abinci da yawa suna ware jerin girke-girken da babu nama a cikinsu sam. A wannan shafi ake samun waken da ba a sa masa lori ba, da khinkali mai cike da dankali ko lemar kwaɗi irin wadda ake ci, da ajapsandali, wato haɗin gautan turawa (babban yalon nan mai baƙin ɓawo) da tattasai da tumatir. Ga mai cin kifi kuma akwai kalmakhi, kifin ƙoramun duwatsu da ake soyawa ko a gasa.

Manta cewa giya tana shiga tukunya

Jojiya ƙasa ce da take alfahari da giyar inabi fiye da kusan komai. A 2017 masu binciken kayan tarihi sun sanar da gano alamarta a jikin tukwanen da suka kai kimanin shekara 8,000 a wasu tsofaffin matsugunai kudu da Tibilisi, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya al'adarsu ta haɗa ta a cikin manyan randunan da ake binnewa a ƙasa cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A irin wannan wuri, kuskure ne mutum ya ɗauka cewa ƙin taɓa kwalba ya wadatar. Chakapuli, farfesun ɗan tunkiya ko maraƙi da wani ganye mai ƙamshi da ake kira tarkhuna da ɗanyen tkemali, wani ɗan itace mai tsami, wanda ya fi yawa a lokacin bazararsu, da farar giya ake dafa shi, kuma wasu masu gashi suna jiƙa naman mtsvadi a cikinta kafin ya hau wuta. Sunan giyar inabi a yarensu ghvino, saboda haka ghvinis gareshe, wato ba tare da giya ba, ita ce maganar da za a faɗa.

Akwai kuma chacha, barasa mai ƙarfi da ake tacewa daga dusar inabi. Fara ce tas kamar ruwa, kuma wani lokaci mai gidan abinci yakan miƙo ta kyauta a ɗan ƙaramin kofi don karrama baƙo. Duk wani farin ruwa da aka kawo a ƙaramin kofi ba tare da an nema ba, a tambayi ko mene ne kafin a kai baki.

A ɗaya gefen kuma, wasu suna guje wa abin da babu laifi a cikinsa saboda kawai sun ji an ambaci inabi. Churchkhela, wadda ake ratayewa a shaguna kamar kyandir, 'ya'yan walnat ne, masu kama da gyaɗa, da aka jera a zare aka tsoma cikin ruwan inabin da aka dafa da fulawa har ya yi kauri, sannan aka shanya, kuma ruwan inabin bai kai ga zama giya ba. Pelamushi ma daga irin wannan dafaffen ruwa ake yin sa. Abin sha kuwa, ƙasar tana da lemonta na gargajiya da ya samo asali daga Mitrofan Lagidze, wanda ya fara haɗa shi a birnin Kutaisi a 1887, kuma mafi shahara a ciki shi ne koren nan mai ɗanɗanon tarkhuna. Wanda ya nemi ruwa kawai ya sani cewa ana iya kawo masa Borjomi ko Nabeghlavi, ruwan ma'adinai mai gas da ɗan gishiri-gishiri wanda ba kowa yake jin daɗinsa a karon farko ba, don haka gara a fayyace cewa marar gas ake so.

Kowa ya yi odar farantinsa

A gidan abincin Jojiya ba a tsara girki don mutum ɗaya ya rungume faranti shi kaɗai ba. Ana ajiye komai a tsakiyar tebur, kowa ya ɗiba a ƙaramin farantinsa, kuma ana kawo kowane girki da zarar ya nuna, ba tare da bin wani jeri na farko da na biyu ba. Idan mutum huɗu suka zauna kowa ya nemi khachapuri guda, wato burodi mai cuku, da khinkali goma, za su tashi da nauyin ciki, su bar rabi, kuma fulawa da cuku da nama kaɗai suka ci. Abin da ya fi shi ne su haɗa kai su nemi abubuwa masu sanyi guda biyu ko uku, kamar pkhali, wato niƙaƙƙen alayyafo ko wani ganye da aka murza da walnat da tafarnuwa, da badrijani, soyayyen gautan turawa da aka naɗe da irin wannan haɗi aka yayyafa masa 'ya'yan rumman, da salak ɗin tumatir da kokwamba. Sai su ƙara khachapuri guda ɗaya babba da girki mai zafi ɗaya ko biyu, tare da shoti, dogon burodin da ake mannawa a bangon tanderu. Idan bai isa ba a ƙara, domin babu mai korar wanda ya daɗe a tebur.

Khinkali kuwa a bar shi zuwa ƙarshe, ko a gaya wa ma'aikaci ya jinkirta shi. Sai an nema ake dafa shi, yana ɗaukar lokaci, kuma daɗinsa yana cikin zafinsa. Wanda ya bar shi ya huce a gefe yana cin wasu abubuwa zai tarar da fatar ta yi tauri, romon kuma ya daskare da kitse. Idan hakan ta faru ba sai an zubar ba, ana iya roƙon a mayar da shi kicin a soya, abin da 'yan ƙasar ma suke yi. A kuma lura cewa farashin da aka rubuta na guda ɗaya ne, kuma gidaje da yawa ba sa karɓar odar da ta gaza guda biyar daga iri ɗaya.

Sa wa khinkali cokali mai yatsu

Babu abin da yake nuna baƙunta kamar mutum ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu ya tsaga khinkali a faranti. Romon da ke ciki shi ne dalilin yin girkin, kuma da zarar an huda fatar ya tsiyaye ya tafi. Yadda ake yi shi ne a bari ya ɗan sha iska, a barbaɗa masa masoro, a kama shi da hannu ta wurin ƙullin da ke samansa, a juya shi ƙullin ya koma ƙasa, a ɗan ciji gefe, a tsotse romon tukuna, sannan a ci sauran. Ƙullin, wanda suke kira kudi, yana da kauri kuma bai cika nuna ba, saboda haka ana ajiye shi a gefen faranti, kuma da shi ake ƙirga yawan wanda kowa ya ci. Ba a zuba masa miya ko wani abin tsomawa. Ga Bahaushe wannan ba wani sabon darasi ba ne, tunda cin abinci da hannu shi ne abin da ya taso da shi, abin da kawai zai kiyaye shi ne zafin romon, domin yana ƙona harshe.

Ɗaukar cewa khachapuri iri ɗaya ne

Khachapuri burodi ne da cuku, amma kusan kowane yanki yana da nasa. Imeruli zagayayye ne da cukun a ciki, kuma shi ne na yau da kullum, har ma makarantar nazarin tattalin arziki ta ISET da ke Jami'ar Jihar Tibilisi tana amfani da kuɗin kayan haɗa shi wajen auna tsadar rayuwa. Megruli yana da ƙarin cuku a sama, don haka ya fi nauyi da gishiri. Wanda ya fi fitowa a hotuna shi ne acharuli na yankin Ajara da ke gaɓar Bahar Aswad, mai siffar kwalekwale, da narkakken cuku a tsakiya, da ƙwai wanda bai gama nuna ba da curin man shanu a kai.

Kuskuren da ake yi da acharuli shi ne a yayyanka shi kamar sauran, ko a zauna ana hira har ya huce. Da zarar an kawo shi a sa cokali a juya ƙwan da man cikin cukun mai zafi har su haɗe, domin zafin cukun ne zai ƙarasa dafa ƙwan, sannan a riƙa gutsuro burodin daga bakin kwalekwalen ana tsomawa. Wanda ba ya son ƙwai mai ruwa-ruwa ya faɗa tun wajen oda. Yawancin gidaje suna da shi ƙarami da babba, kuma ƙaramin ya ishi mutum ɗaya.

Jiran yaji irin na gida

Wanda ya saba da attaruhu zai iya cewa girkin Jojiya ba shi da ɗanɗano, kuma a ganina wannan hukunci ne na gaggawa. Ƙarfin girkinsu yana cikin ɗanyun ganyaye da tafarnuwa da tsami da walnat, da kuma gaurayen kayan ƙamshin da suke kira khmeli suneli. Mai neman yaji ya nemi ajika, niƙaƙƙen barkono da tafarnuwa da gishiri, ya kuma karkata ga girke-girken yankin Samegrelo da ke yamma, waɗanda suka fi zafi, kamar kharcho, miyar naman sa mai kauri. A wannan yankin ne ake cin ghomi, wanda kusan tuwon masara ne mai laushi da ake nutsa yankan cukun sulguni a cikinsa, da elarji, inda ake tuƙa cukun tare da garin har ya riƙa miƙewa idan an ɗebo. Ostri, naman sa da aka dafa da tumatir da barkono, shi ma yana kusa da abin da harshenmu ya saba.

Abubuwa biyu kuma suna bai wa baƙo mamaki. Satsivi, kaza ko talotalo a cikin miyar walnat, da sanyinsa ake ci, saboda haka mayar da shi kicin da sunan an kawo abinci ba zafi kuskure ne. Na biyu ya shafi lafiya: walnat tana ɓoye a cikin miya da salak da kayan zaƙi, ko da ba a ambace ta a sunan girkin ba, don haka wanda jikinsa ba ya karɓarta ya faɗa tun da farko cewa ba ya cin nigozi.

Rashin sanin ladabin supra

Yakan faru abokin karatu ko malami ko abokin ciniki ɗan ƙasar ya gayyaci baƙo zuwa gidan abinci, sai a tarar an jera tebur mai tsawo. Wannan ita ce supra, liyafar gargajiya, kuma tana da shugaba da ake kira tamada, wanda shi ke buɗe kowane zagaye na jawabi, a kan zaman lafiya da ƙasa da iyaye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da yara da baƙi, sauran kuma su amsa da gaumarjos, wato fatan nasara. Katse shi yana cikin magana, ko ci gaba da hira a gefe, ko ɗauko wani batu na daban kafin ya ba da dama, duk rashin ladabi ne, musamman a lokacin ambaton mamata.

Tun da giya ce ginshiƙin wannan zama, kuskuren Musulmi a nan shi ne ya yi shiru don kunya har a cika masa kofi, sannan ya fara neman mafita a gaban jama'a. Ya kamata a yi maganar tun lokacin gayyata, a faɗa a sarari cewa dalilin addini ne. Mutanen Jojiya sun daɗe suna zaune da Musulmi, irin su 'yan asalin Azarbaijan da ke Marneuli da Musulmin Ajara da Kistawan kwarin Pankisi, kuma dalilin addini ya fi karɓuwa a wurinsu fiye da kame-kamen uzuri. Wanda ya riƙi cewa bai halatta ya zauna a teburin da ake shan giya ba ya nemi a haɗu a wani lokaci dabam, a kan shayi ko abincin rana, maimakon ya amsa gayyata sannan ya tashi a tsakiyar zama, abin da zai kunyata mai masaukin a gaban mutanensa. Kuma idan ɗan ƙasa ne ya yi gayyatar, to shi zai biya, nacewa a kan a raba kuɗi tana iya ɓata masa rai, domin suna da karin maganar da ke cewa baƙo daga Allah yake. Ramawa ita ce a gayyace shi wani karon.

Rashin duba lissafi

Ma'aikacin gidan abinci a Tibilisi ba ya kawo takardar kuɗi sai an nema, kuma ba ya yawan zagayowa tebur, wanda wasu suke ɗauka wulaƙanci ne alhali barin mutane su sake ne. Idan an gama sai a ɗaga hannu a ce angarishi. Kuɗin ƙasar shi ne lari, kowane ɗaya tetri 100, kuma yawancin gidajen birni suna karɓar katin banki. Kafin a yi oda a duba ƙasan takardar abinci, domin gidaje da dama suna ƙara kuɗin hidima a kan jimilla, sau da yawa kashi 10 cikin ɗari ko sama da haka, kuma wanda bai lura ba zai biya ladan hidima sau biyu ko ya yi zaton an cuce shi. Kifi da wasu gasassun nama kuma akan rubuta farashinsu a kan giram 100, saboda haka a tambayi nauyin abin da za a kawo. Gidajen da ke titunan 'yan yawon buɗe ido na tsohon gari, irin su kewayen titin Shardeni, sun fi tsada, kuma duk inda aka ƙi nuna takarda mai farashi a rubuce gara a wuce. Ƙananan gidajen khinkali na unguwa, waɗanda ake kira sakhinkle, sun fi araha kuma can 'yan gari suke ci, sai dai a irinsu ne aka fi samun takardar abinci da rubutun Jojiya zalla mai haruffa 33, don haka a tafi da sunayen naman nan a rubuce a waya domin a nuna wa ma'aikaci.